Ciwon zuciyar da hoto ba ya nunawa

Akwai maganar da ake faɗa wa marar lafiya a asibiti da niyyar a kwantar masa da hankali, amma ta zame masa mafarin wata sabuwar wahala: "Mun duba, ba mu ga komai ba." Wanda ya je da ciwon ƙirji, aka gama gwaje-gwaje, aka sallame shi da wannan magana, yakan koma gida da ciwonsa, sannan ya tarar da ƙari, domin mutanen gida za su fara kallonsa a matsayin mai raki, ko mai son jiki, ko wanda iska ta taɓa. Mata ne suka fi shan wannan ɗaci. Abin da nake so mu duba a wannan mako shi ne, sau da yawa likitan gaskiya ya faɗa, marar lafiyar ma gaskiya ya faɗa. Ciwon yana nan, sai dai ya ɓuya a inda na'urar ɗaukar hoto ba ta kaiwa, wato cikin ƙananan jijiyoyin jinin da suka ratsa naman zuciya, waɗanda ba su da wani aiki dare da rana sai tsukewa da saki.

Ni ɗan Fagge ne, a gefen tashar jirgin ƙasa na tashi, don haka da ita zan yi misali. Layin dogon da aka faro daga Baro a bakin Kogin Neja ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, kuma tun daga nan ya sauya fuskar kasuwancin garin. Gyaɗa da fatu da ƙiraga suka riƙa gangarawa kudu, goro da gishiri da atamfa da kananzir suka riƙa haurowa. Sabon Gari da aka yanka a wajajen 1913 albarkacin jirgin ya cika ya batse. To amma duk da wannan suna da jirgi ya yi, bai taɓa kai wa kowa kaya ƙofar shago ba. Iyakarsa tasha. Daga nan sai 'yan dako da masu amalanke da masu jakuna, a yau kuma masu baro da A-daidaita-sahu, su kwasa su kutsa lunguna, su kai Kantin Kwari da Singa da 'Yankura da Kasuwar Sabon Gari. Idan lungu ya cushe, ko 'yan dako suka ƙi fitowa, mai shago zai wuni babu kaya, ko da kuwa babu ƙusa ɗaya da ta kwance a layin dogo tun daga Legas, tafiyar da ta haura kilomita 1,100. Injiniyan da aka tura duba layi zai dawo ya ce lafiya lau, kuma bai yi ƙarya ba. Mai shagon da ke kukan rashin kaya shi ma bai yi ƙarya ba.

Haka tsarin zuciya yake. Wannan tsoka da nauyinta bai wuce giram 300 ba tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana, tana tura jinin da ya kai lita 7,000. Duk da cewa jini ne cike da ita, ba daga jinin da ke cikin ɗakunanta take ci ba. Tana da nata jijiyoyin na musamman da suka kwanta a bayanta, biyu ne daga tushe, ta hagu da ta dama, ta hagun kuma ta rabu biyu. Faɗin kowace bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba. Su ne layin dogo, su ne ake gani idan aka zura siririn bututu aka ɗura ruwan rini aka ɗauki hoto, gwajin da likitoci ke kira anjiyogiram. Daga jikinsu rassa ke fita suna nitsewa cikin nama, suna ƙara sirancewa. Da zarar faɗin reshe ya yi ƙasa da rabin milimita, ya ɓace wa hoto. Wasu kaurinsu bai kai na silin gashi ba, na can ƙarshe kuwa sai ƙwayoyin jini sun jeru ɗaya bayan ɗaya kafin su wuce. Waɗannan su ne lunguna, kuma a hannunsu ikon yake, domin su ke yanke yawan jinin da kowane yanki na zuciya zai samu a kowane lokaci.

Dalilin da ya sa zuciya ta dogara da su fiye da sauran gaɓoɓi abin lura ne. Yawancin sassan jiki, idan mutum yana zaune, kashi ɗaya cikin huɗu kawai suke ɗiba na iskar oksijin da jini ya kawo musu, saura ya wuce a matsayin ajiya. Zuciya kuwa ko mutum barci yake yi tana kwashe kimanin kashi 70 cikin 100. Ba ta da wata ajiyar kirki. Saboda haka duk lokacin da aiki ya ƙaru, ɗan dako ya saɓa buhu, ko uwa ta ruga ceton yaro daga titi, hanya ɗaya ce ta rage mata, a ƙaro jini. A zaune, jinin da ke bi ta jijiyoyin zuciya kimanin rubu'in lita ne a minti ɗaya. A jikin mai lafiya, ƙananan jijiyoyin kan buɗe su ninka wannan sau huɗu ko biyar cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma wani ƙalubale. Duk lokacin da zuciya ta matse don tura jini, tana matse jijiyoyin da ke cikin namanta. Don haka ɓangaren hagu, wanda shi ne mai aikin ƙarfi, yana samun mafi yawan jininsa ne a ɗan tsakanin bugu da bugu, lokacin da tsokar ta saki. Idan bugun ya yi sauri, wannan ɗan tsakani ne ke fara gajercewa. Wato a daidai lokacin da zuciya ta fi bukatar ci, lokacin cin nata ke raguwa. Abin da ke cike giɓin shi ne saurin buɗewar ƙananan jijiyoyi.

To yaya suke yi? Kowace ƙaramar jijiya tana da zoben tsoka da ya kewaye ta, kamar zariya a bakin wando. In zoben ya ja, hanya ta tsuke. In ya saki, ta buɗe. Wani likita Bafaranshe mai suna Poiseuille ya nuna a shekarun 1840 cewa ɗan canji kaɗan a faɗin bututu yana kawo babban canji a yawan ruwan da ke wucewa. Idan faɗin ya ragu da rabi, ruwan ba da rabi zai ragu ba, zai koma kashi ɗaya cikin 16. Wannan lissafi ne ya sa 'yar tsukewar da ido ba zai gani ba take iya jefa mutum cikin azaba.

Masu ba zoben umarni kuwa suna da yawa. Na farko naman zuciyar da kansa. Idan ya yi aiki ya gaji, yakan fitar da wasu sinadarai, cikinsu har da wanda ake kira adenosin, waɗanda ke sa jijiyar da ke kusa ta saki, kamar mai shago ya aika yaro tasha a ƙaro kaya. Na biyu ita jijiyar kanta: masanin Ingila William Bayliss ya lura tun 1902 cewa idan ƙarfin jini ya buɗa jijiya, takan mayar da martani da tsukewa, in ƙarfin ya sauka ta saki, ta haka take kare na ƙasa da ita daga ambaliya ko fari. Na uku jijiyoyin saƙo da sinadaran firgici irin su adirenalin, waɗanda ke tashi lokacin tsoro da fushi da sanyi. Na huɗu, wanda labarinsa ya fi ban sha'awa, shi ne wata siririyar shimfiɗa da ta lulluɓe cikin kowace jijiyar jini, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak.

An daɗe ana ɗaukar wannan shimfiɗa kamar daɓen siminti kawai, mai sa jini ya sulale. A 1980 wani masani a birnin New York, Robert Furchgott, yana gwaji da jijiyar zomo, ya gano cewa wani sinadari mai suna asitilkolin yana sa jijiya ta saki matuƙar shimfiɗar tana nan, amma da an goge ta, sai jijiyar ta ƙi saki, har ma ta tsuke. Ashe shimfiɗar ce ke sakin wani abu da ke umartar zoben tsoka ya huta. Bayan 'yan shekaru aka tabbatar da cewa wannan abu iska ce mai suna naitirik oksaid, wadda ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi take lalacewa. A 1998 aka ba Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a kan wannan aiki. A 1988 kuma masu bincike a Japan suka gano cewa wannan shimfiɗa dai ita ke fitar da endotelin, ɗaya daga cikin sinadaran da suka fi ƙarfin tsuke jijiya. Linzami biyu ke nan a hannu ɗaya, na ja da na saki, kuma lafiyar zuciya tana rataye da daidaiton su.

Wani abin mamaki shi ne, likitoci sun yi shekara ɗari suna amfani da wannan hanya ba tare da sanin sirrinta ba. Naitirogilisarin, sinadarin da wani Ba'italiye, Ascanio Sobrero, ya haɗa a 1847, shi ne Alfred Nobel ya sarrafa ya zama nakiyar fasa duwatsu, wadda ta yi amfani wajen shimfiɗa layukan dogo a sassan duniya, ya kuma tara dukiyar da ake raba kyautarsa da ita. A 1879 William Murrell a Landan ya nuna cewa ɗigon wannan sinadari yana kwantar da ciwon ƙirji. Shi kansa Nobel, a ƙarshen rayuwarsa, likitocinsa sun rubuta masa shi. Sai bayan ƙarni guda aka fahimci cewa a cikin jiki yana rikiɗewa ne ya zama naitirik oksaid. Ita ce 'yar ƙwayar da har yau ake cewa a sa a ƙarƙashin harshe.

Wannan tsari kan lalace ta fuska biyu. Ko dai ƙananan jijiyoyin su kasa buɗewa yadda ya kamata lokacin da aiki ya ƙaru, saboda shimfiɗarsu ta gaji ko bangonsu ya yi kauri ya sandare, ko kuma su riƙa shaƙewa haka kawai babu gaira babu dalili, har mutum yana kwance. Shaƙewar kan faru a manyan jijiyoyin ma, kamar yadda Myron Prinzmetal ya bayyana a Amurka a 1959: ciwon ƙirji mai zuwa ana hutawa, galibi tsakanin tsakar dare da asuba. A 1973 Harvey Kemp ya laƙaba wa ciwon masu tsabtataccen hoto harafin X, alamar abin da ba a gane ba. Wani babban bincike kan mata da aka fara a Amurka a 1996 ya nuna cewa da yawa daga cikin matan da aka sallama da cewa jijiyoyinsu lafiya lau ne, sun ci gaba da fama, suna komawa asibiti, wasu har ya kai su ga bugun zuciya ko gazawarta. A yau an san cewa kusan rabin waɗanda ake yi wa anjiyogiram saboda ciwon ƙirji ba a samun wata babbar toshewa a jikinsu, kuma mata sun fi yawa a cikinsu.

Na ga wannan a gidanmu. Goggona, ƙanwar mahaifina, ta shafe kusan shekara talatin tana sayar da shinkafa da wake ga 'yan dako da matafiya a bakin tasha. Da jirgi ya yi ƙaranci kasuwarta ta ja baya, da aka dawo da jigilar Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012 ta ɗan farfaɗo. Bayan ta haura hamsin da biyar ta fara jin wani nauyi a ƙirji, kamar an ɗora mata turmi, wani lokaci ya haura wuya da muƙamuƙi, numfashi ya yi mata wuya. Ya fi kama ta da asubahin hunturu, lokacin da ta fito tsakar gida hura wuta, da kuma idan ranta ya ɓaci. Shekara biyu ana ce mata olsa ce, tana shan farin maganin ruwa kwalba bayan kwalba. Da abin ya ƙi, aka yi gwajin ECG, bai nuna komai ba, domin lokacin da aka yi shi ciwon ya lafa. Dangi suka yi karo-karo aka kai ta wani gari aka yi hoton jijiyoyin zuciya da kuɗi masu yawa. Likitan ya fito da fara'a ya ce, "Hajiya, ki gode wa Allah, jijiyoyinki sun fi nawa kyau."

Murna aka yi a ranar. Bayan mako biyu ciwon ya dawo, a nan ne magana ta canja. Wasu suka ce iska ce, a nemo hayaƙi. Wasu suka ce tun da an kashe wannan kuɗi ba a ga komai ba, to a bar ta ta gaji don kanta. Ta daina faɗa wa kowa idan ya taso, sai dai a ga ta dafa bango ta yi shiru. Wata rana ta ce mini, "Ɗan nan, da ma cewa suka yi ciwon ya yi tsanani, da ya fi mini sauƙi a kan a riƙa kallona kamar maƙaryaciya."

Sauƙi ya zo ta hannun wata likitar zuciya wadda ba ta da wata na'ura da ta fi ta na baya. Tambayoyi ta yi. "Mama, da wane lokaci ya fi kama ki? Minti nawa yake yi? Sanyi yana tayar da shi? Yaushe al'ada ta ɗauke miki?" Ta auna jininta sau da dama ta tarar ya hau, ta duba hoton eko ta ga bangon zuciyar ya fara kauri, ta gwada suga ta ga yana bakin iyaka. Ta bayyana mata cewa alamu sun fi nuna ƙananan jijiyoyi, ta ɗora ta a kan maganin da ke sa zoben tsoka ya saki da na rage kitse a jini, ta hana ta fita cikin sanyin asuba babu rufi. Goggo ba ta warke sarai ba, amma ciwon da ke zuwa kusan kullum ya koma jefi-jefi. Abin da ya fi faranta mata rai, kamar yadda ta faɗa, shi ne ciwonta ya samu suna.

Abubuwan da ke lalata shimfiɗar jijiya ba baƙi ba ne a garinmu. Hawan jini ne kan gaba, kuma ƙiyasi ya nuna kimanin mutum uku cikin kowane baligi goma a Najeriya suna da shi, da yawa ba su ma sani ba. Sai ciwon suga, da yawan kitse a jini, da ƙiba, da yawan zama wuri ɗaya irin na mai shago da ke wuni a kan benci daga safe har magariba. Hayaƙin taba, da na shisha da matasa ke ɗauka kamar wasa, yana cinye naitirik oksaid, kuma shi ne babban abin da aka sani yana jawo shaƙewar jijiya. Mace idan al'ada ta ɗauke mata takan rasa wata kariya da sinadaran jikinta ke ba jijiyoyi. Masu ciwon sikila ma abin ya shafe su, domin idan ƙwayoyin jininsu suka farfashe, abin da ke fita daga cikinsu yana kame naitirik oksaid kafin ta yi aikinta.

Gishiri na bukatar a tsaya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram biyar a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Mu kuwa tukunya ɗaya za a zuba mata gishiri, a marmasa dunƙulen magi, a jefa kanwa, alhali dukkansu sinadarin sodiyam ne a cikinsu, wanda shi ne ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Yajin da ake barbaɗawa a kan tsire da awara shi ma da nasa.

Hunturu kuma yana da nasa hisabin. Idan sanyi ya bugi fata da fuska, jijiyoyin jiki kan tsuke don adana ɗumi, jini ya ɗan hau, aikin zuciya ya ƙaru. A jikin mai lafiya jijiyoyin zuciya kan buɗe su biya wannan bukata. A jikin wanda shimfiɗarsa ta lalace kuwa sukan yi akasin haka, su tsuke. Ɗan dakon da ya kwana a rumfa, ya tashi cikin sanyin Janairu, ya zuƙi sigari don ya ji ɗumi, sannan ya saɓa buhu mai kilo 50, ya haɗa wa zuciyarsa abu uku a lokaci ɗaya. Ƙurar hunturu da hayaƙin janareta da na ababen hawa suna ƙara wa Borno dawaki, domin ƙananan ƙwayoyin ƙura da ake shaƙa an tabbatar suna cutar da jijiyoyin jini.

Akwai wani haɗari da ya kamata a faɗe shi ƙarara, ko da kunya za ta so a yi shiru. Duk wanda ya saba da tashoshinmu, na jirgi da na mota, ya san masu tallar maganin ƙarfin maza da lasifika. Sinadarin sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, asalinsa don ciwon ƙirji aka fara gwada shi kafin a amince da shi don matsalar maza a 1998, kuma ta hanyar naitirik oksaid ɗin nan yake aiki. Idan mai shan 'yar ƙwayar ƙarƙashin harshe, ko danginta da ake sha kullum, ya haɗa da shi, jijiyoyin jiki kan saki gaba ɗaya, jini ya faɗi warwas, mutum ya suma ko ya rasa ransa. Abin tsoron shi ne, an sha gwada haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya a samu an cusa wannan sinadari a ɓoye. Mai ciwon zuciya da ya sayi kwalbar da babu bayanin abin da ke cikinta, caca yake yi da ransa. Matakin da hukumomi suka ɗauka a 2024 na mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro ya shafi masu shaguna, amma mai yawo da jaka da lasifika yana nan yana cin kasuwarsa.

Haka nan wasu magungunan mura masu buɗe hanci, aikinsu tsuke jijiyoyi ne, don haka mai hawan jini ko ciwon ƙirji ya tambayi likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani kafin ya sha. Goro ma, wanda jirgin ƙasa ya sauƙaƙa zuwansa har ya wadata, yana ɗauke da kafeyin, shi kuwa kafeyin yana tare ƙofar da adenosin ke bi ya isar da saƙonsa. Shi ya sa ake hana mutum goro da shayi da kofi na kwana guda kafin gwajin da ake yi da adenosin. Wanda za a yi wa irin wannan gwaji ya tuna ya gaya wa likita yana cin goro, domin ba kowane likita zai tuna ya tambaya ba.

Ga mai karatu, abin riƙewa kaɗan ne. Ciwon ƙirji mai nauyi da ya wuce minti 15, musamman in ya zo da gumi, ko amai, ko ya sauka hannu ko ya hau muƙamuƙi, ba na jiran gari ya waye ba ne, a tafi asibiti nan take, ko da an taɓa yin hoto an ce babu komai. A wurin mata da masu suga alamar kan zo a sakaye, kamar gajiya mai tsanani da ƙarancin numfashi. Wanda ciwonsa ke zuwa yana tafiya ya riƙa rubuta lokacin zuwansa, da abin da yake yi, da tsawon da ya ɗauka, domin wannan takarda takan fi gwaji mai tsada amfani. Kada kuma a ari maganin maƙwabci: akwai maganin rage saurin bugun zuciya da ke taimakon wanda jijiyoyinsa suka kasa buɗewa, amma yana iya tsananta wa wanda nasa shaƙewa suke yi. A auna jini a kai a kai, wanda nasa ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama ya nemi magani ya kuma dawwama a kansa. Tafiya da sauri ta minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, tana sa jini ya riƙa shafar shimfiɗar jijiya da ƙarfi, wannan shafa kuwa ita ke sa ta ƙara fitar da naitirik oksaid. Magani ne da ba a biya.

Ga likitocinmu, roƙona shi ne a sauya lafazi. "Ba mu ga toshewa a manyan jijiyoyi ba" daban take da "ba ki da komai". Ta farko tana barin ƙofa a buɗe, ta biyu tana rufe ta, ta kuma miƙa marar lafiya ga masu zargi da masu damfara. A birnin Gilasgo na Sikotland an yi gwaji a 2018 da mutum 151 masu ciwon ƙirji da tsabtataccen hoto. Waɗanda aka auna aikin ƙananan jijiyoyinsu aka ba su magani daidai da abin da aka gano, sun fi samun sauƙi da jin daɗin rayuwa bayan wata shida. Irin wannan awo yana da tsada, amma tambaya da sauraro ba su da tsada.

Arewa tana da tarihin binciken zuciya da za a yi alfahari da shi. A Zariya ne Davidson da Parry na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi aikin da duniya ta san shi a shekarun 1970 kan gazawar zuciya bayan haihuwa, suka duba alaƙarta da wankan jego da kunun kanwa. A Kano, Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa a Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun ɗora a kan wannan aiki. Yanzu lokaci ya yi da za a juya ga ƙananan jijiyoyi, domin yawancin abin da aka sani game da su daga jikin Turawa da mutanen Japan aka samo shi, alhali hawan jini, wanda shi ne babban mai lalata su, ya fi yi wa baƙar fata illa da wuri. Ɗalibanmu na likitanci da ke neman abin da za su bincika, ga fili nan.

Gwamnati da shugabannin kasuwanni su ma da rawar da za su taka. Ana ta aikin sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano da wanda zai tafi Maraɗi, waɗanda aka ƙaddamar a 2021, kuma duk inda tasha ta tsaya jama'a za su taru. Tebur ɗaya da ma'aikacin lafiya da na'urar auna jini da ta suga a kowace tasha da kowace babbar kasuwa, daga Kwari zuwa Singa, ba zai ci kuɗin taragu ɗaya ba, amma zai kama ciwon dubban mutane tun yana ƙarami. A kuma sa ido a kan masu tallar magani a tashoshi da gaske.

Mu kuma 'yan uwa da ke zaune da marasa lafiya, namu ya fi sauƙi, ya kuma fi nauyi. Idan uwa ko mata ko 'yar uwa ta ce ƙirjinta na ciwo, takarda kuma ta ce babu komai, kada mu bar takarda ta ƙaryata ta. Hausawa sun ce jiki magayi. Mu mayar da ita wurin likitan zuciya, mu tambaye shi kai tsaye ko ƙananan jijiyoyi ne, mu tsaya a kan maganin da aka ba ta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya mai amfani.